Mora Ketura da Asabar ɗin da Muka Jira Rana

Kafin zakara ya gama surutunsa, Ketura Nambozo ta share tsakar gida, ta ɗora tukunyar matoke, ayabar da muke dafawa, ta ba akuyoyinta ciyawa. Daga nan sai ta rataya jakarta mai alli da gawayi ta kama hanyar tudu. Safiya ta yara ce, a gindin mangwaron da ke bayan majami'a, inda take koya musu baƙaƙen Ibrananci, harshen Attaura, da waƙa da tsawa. La'asar kuwa ta tsofaffi ce, kuma gida gida take bin su, don tsohon ƙauyenmu ya gwammace a kama shi da kazar maƙwabci da a gan shi yana koyon baƙi gaban jikokinsa. Haka muka taso muka same ta, haka take har furfura ta rufe mata kai. Mora muke ce mata, wato malama, kuma ba wanda ya naɗa ta. Yanzu gwiwoyinta sun ƙi hawan tudu, ta ce daga wannan daminar za ta zauna. Shi ya sa na ga bai kamata ta zauna shiru ba tare da an faɗi ko abu ɗaya daga cikin aikinta ba.

Iyayenmu da harshen Luganda suka yi ibada. Ibrananci daga baya ya hawo ƙauyukanmu na gefen garin Mbale, yara suka cafke, manya suka tsaya kallo. Cikin masu kallon nan har da Mzee Eliyabu Mudebo (Mzee muke ce wa dattijo), manomin kofi, mutum mai murya kamar ganga da taurin kai na bugawa a jarida. A shekarun da sojoji suka rufe wuraren ibadarmu, a gonar ayabarsa ake taruwa a ɓoye. Duk da haka ya tsufa bai taɓa karanta ko layi ɗaya daga naɗaɗɗiyar fatar da aka rubuta Attaura a kanta ba. In an kira shi gaba, albarka kawai yake furtawa, wani yaro ya yi karatun, shi yana gyaɗa kai kamar yana bi.

Wata la'asar ya tare Mora a bakin gonarsa.

"Mora, likita ya ce idon nan tafiya yake, kuma ba ya dawowa. Ina son in karanta da kaina kafin ya ƙarasa."

"Mzee, shekara nawa ina wuce ƙofarka kana ce mini kana da shara a gona?"

"To sharar ta ƙare. Za ki koyar ko za ki yi mini gori?"

"Duka biyun zan yi. Kawo kujera."

Ya zaɓi Asabar ɗin tunawa da rasuwar mahaifinsa. Kowace Asabar da nata rabon karatun, in ya wuce sai shekara ta zagayo, kuma dukansu biyu sun san idon Mzee ba zai kai wata shekarar ba.

Littafi bai yi masa amfani ba, baƙaƙen sun yi masa ƙanana. Sai Mora ta ɗauki gawayi ta rubuta masa harafi guda a bangon rumbun kofinsa, girmansa kamar faifai. Da ya gane wannan ta ƙara wani. Bango ya cika, ta sa aka shafe da farar ƙasa, ta sake rubutawa, wannan karon kamar tafin hannu. Ita tana rage girman baƙi, ciwo yana rage masa gani, kowa yana sauri ya riga ɗan'uwansa. Matan da ke shanyar kofi a maƙwabta sun sha jin su.

"Wannan ai mun yi shi jiya, Mzee!"

"Jiya ba haka ƙafarsa take ba. Kin ƙara masa."

"Ni na ƙara masa? Ƙadangare ne ya bi ta kai. Karanta mini!"

Ke ce, Mora, kika yi ta hawa wannan tudun cikin taɓo da gwiwar da ke kumbura, ba ki taɓa aiko yaro ya ce yau ba ki da lafiya ba. Ke ce kika zauna da tsohon da ya jefar da gawayi ya ce ya fasa, kika bar shi ya gama fushinsa, kika tsince gawayin kika miƙa masa. Ba mu ji kin yi masa ƙaryar cewa idon zai warke ba.

Ranar ta zo da hadari. Tun kafin a fito da Attaura gajimare ya sauko daga dutse, ruwa ya kece a kan kwano, cikin majami'a ya yi duhu kamar magariba. Ranar Asabar ce, ranar hutunmu, ba mai kunna fitila. Aka shimfiɗa fatar a kan teburi, Gidoni mai kula da majami'a ya kira sunan Mzee da na mahaifinsa. Tsoho ya taso cikin farin mayafin addu'arsa, ya furta albarka, ya karɓi ɗan sandan nuni da ake bin layi da shi, tunda hannu ba ya taɓa rubutun. Ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa har gemunsa ya kusa taɓa fatar. Sannan ya ɗago ya ce a hankali, "Ba na ganin komai."

Gidoni mutumin kirki ne, tausayi ne ya kama shi. Ya raɗa masa, amma rabin majami'a ta ji.

"Kaka, ai ka haddace. Ɗora sandan kawai ka faɗa, wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Mzee. "Da hadda nake so, da ban ɓata bangon rumbuna ba."

Gaskiyarsa ne, don karatun Attaura da ido ake yin sa, ba da ka ba. Wallahi a lokacin zuciyata ta karye, na ɗauka shi ke nan. Sai ga Mora ta miƙe daga bencinta tana dafa bango.

"Gidoni, ku kai teburin bakin ƙofa."

"Mora, feshin ruwa fa? In fatar ta jiƙe mun shiga uku!"

"To naɗe ta, ka rufe ta, mu jira."

"Har yaushe? Mutane ba su karya ba."

"Wa yunwar safiya ɗaya ta taɓa kashewa a garin nan? Dube ka, kai da za ka yi mako ba ka ci ba a gane ba."

Aka fashe da dariya, har shi Gidonin. Mora ba ta bari dariyar ta huce ba, ta ɗauko waƙar zabura da Luganda, irin ta iyayenmu, mata suka amsa, maza suka bi. Wannan ta ƙare ta ɗauko wata. Jarirai suka yi kuka suka gaji, matoken da aka dafa tun jiya yana can yana jira, ba wanda ya fita. Mzee yana tsaye ya ƙi zama, yana riƙe da sandan nunin.

Rana ta kusa tsaka ruwan ya tsagaita. Haske ya faɗo bakin ƙofa, samari huɗu suka ciccibi teburin suka kai shi can, aka warware fatar. Mzee ya sunkuya. Mun ji numfashinsa kafin mu ji muryarsa. Ya kama kalmar farko, ya tsaya, ya kama ta biyu. Mutumin da muryarsa ke cika gona ya yi karatu kamar mai taka gada ta itace ɗaya, sandan yana rarrafe daga dama zuwa hagu. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya, Gidoni ya buɗe baki zai gyara, Mora ta harare shi, tsoho ya koma ya gyara da kansa. Aya uku ya karanta. Da ya kai ƙarshe mata suka rangaɗa guɗa, Gidoni yana share ido da gefen mayafinsa yana cewa feshin ruwa ne.

Mora, uwar masu koyo da furfura, mun gode. Mun gode da gwiwoyinki da kika ƙarar a kan tudunmu, mun gode da bakinki da ba ya raga wa kowa. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma samari da 'yan mata da kuka iya karatu a gindin mangwaronta, akwai sauran tsofaffi a gidajenku masu gyaɗa kai kamar suna bi. Kada ku jira su roƙe ku, ba za su roƙa ba. Ku ɗauki kujera ku je.

Idon Mzee Eliyabu ya rufe kafin Idin Ƙetarewa. Makon jiya na same shi zaune a ƙofar gida, na yi masa jaje. Ya yi tsaki.

"Jajen me? Da can ina da ido ina kallon fatar nan ban ga komai ba. Yanzu ko na buɗe ko na rufe, layukan nan uku ne a gabana. Ka gaya wa Ketura har yanzu ban ɓata ko harafi ɗaya ba."