Koyon Motar Jikana Ya Mayar Da Ɗan Mutane Gida

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban taɓa shiga aji ba, ko allon ma ban yi nisa ba. Matar ɗana ce ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Lokacin da abin nan ya faru na ɗan kwana biyu a Doha. Ɗana karatu ya kawo shi, daga baya aka riƙe shi aikin bincike, matarsa kuma tana aiki a wani asibiti, sai suka ɗauko ni daga Funtua in zauna da yara a gidansu na Al-Sadd. A unguwarmu can gida an san ni. Idan na zauna a ƙofar gida, yaro ba ya wucewa bai durƙusa ba, mace ba ta fita da gyale a kafaɗa ban tanka ba. Da wannan halin na hau jirgi, da shi na sauka. A nan ba ƙofar gida, sai bene da lifta da ƙofofi a rufe, don haka idon da na saba rabawa unguwa guda sai na tattara shi kan jikokina.

Babban cikinsu namiji ne. Da ya cika sha takwas ubansa ya sa shi makarantar koyon mota. Ni na ɗauka washegari zan ga yaro ya dawo da baƙin mai a riga. Sai na ga ya shige ɗaki, ya kunna na'urar sanyi, ya miƙe a katifa da kwamfuta a cinya da abin ji a kunne. Na tambaye shi ina motar, ya ce wai ai sai ya gama darasin intanet, an gwada idonsa, ya ci jarrabawar alamomin hanya a kwamfuta, sannan a ba shi takardar izinin koyo, sannan ya taɓa sitiyari tare da malami. Na leƙa na ga wani mutum a ciki yana nuna hoton shatale-tale da sanda. Na ce masa wannan ai kallon talabijin ne. Ya yi dariya, ya ce in kwantar da hankalina, amaryarsa ce zai fara ɗauka ya kai bakin ruwa shan iska. Na ce masa miji marar cefane, ni ba na shiga motar direban da aka koya wa tuƙi a kwance.

Ba a banza na raina abin ba. Marigayi maigidana direban babbar mota ne, daga karen mota ya fara. Ya yi shekaru yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana tsalle da waigi in an tsaya a gangare, kafin ubangidansa ya bar shi ya yi ribas a cikin tasha. Yaran da suka tashi a hannunsa ma haka ya yi musu. A sanina mota a hannu take, a ƙafa take, a kunne take, kuma daga hannun wanda ya iya ake karɓarta. Makonni suna ta wucewa yaro yana danna amsa, ranar jarrabawa ya je ya faɗi da tambayoyi kaɗan, aka ce ya sake zama. Na ce a raina, ga irinta nan, ana cinye wa ɗana kuɗi ana mayar mini da jika rago.

Akwai wani yaro ɗan garinmu, in ce yaro ko da yake magidanci ne mai mata da 'ya'ya a gida. Ubansa a hannun maigidana ya koyi mota. Shi kuma yana jan ƙaramar bas ta wani kamfanin shara da goge-goge, yana kai ma'aikata yana ɗauko su, yana kwana a Bin Omran cikin ɗakin da suka haɗu da yawa. Duk Juma'a in an sauko masallaci yakan zo gaishe ni, in ajiye masa tuwo da miyar kuka, ya ci har ya yi gumi yana cewa wannan kaɗai ke tuna masa shi mutum ne. Aikin nan shi ke ciyar da gidansu, shi ke sayen maganin mahaifiyarsa, da shi ya fara ɗora bulo a filinsa.

Wata Juma'a iyayen yaran sun fita, na ce masa ina son ya riƙa ɗaukar jikana yana nuna masa mota a hannu. Ya ajiye cokali. Ya ce Hajiya nan ba kamar gida ba ne, motar ba tasa ba ce, ranar hutu ma alfarma aka yi masa yake ajiye ta a wajensa, kuma yaron da ba shi da takarda in ya hau kujerar direba, daga shi har mai motar sun shiga uku. Ya ce iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, a hannun kafil take, wato kamfanin da ya tsaya masa, in aiki ya tafi zama ya tafi. Duk ya faɗa mini, da murya ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye. Ni kuwa na gyara zama na ce masa ashe haka duniya ta zama. Na tuna masa wanda ya ɗora hannun ubansa a kan giya, na tuna masa tuwon da ubansa ya ci a gidana yana saurayi ba ko takalmi. Na ce ban roƙe shi kuɗi ba, ban roƙe shi ya kai yaro kan titi ba, fili kawai. Sannan ya ce to, Hajiya.

Akwai wani filin yashi bayan wasu gine-gine da ba a gama ba, ranar Juma'a ba kowa sai kuliyoyi. Nan muka riƙa zuwa. Nakan ce wa iyayen mun tafi ziyara, in zauna a kujerar baya da carbina, ina kallon ƙeyar jikana. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Motar takan yi tsalle ta mutu, malamin nasa ya ce masa a hankali, kuloci kamar jariri ake sakinsa, yalla, wato maza, sake tayarwa. Ni kuma daga baya ina cewa ya daina riƙe sitiyari kamar mai tuƙa tuwo. Da ya fara zagaya filin ba tare da ta mutu ba, sai na ji kamar na gyara abin da masu ilimi suka ɓata. Na lura duk motar da ta gifta ta bakin titi sai ɗan garin namu ya waiwaya, na lura ba ya dariya ko an yi abin dariya. Ni da ba abin da ke wuce idona, na gani, na kawar da kai.

Ranar da abin ya faru ribas ake koyo. Ƙafar yaron ta zame, maimakon birki ya danne totur. Kafin a ce wani abu mun daki gindin wani turken fitila da baya. Goshina ya bugi kujerar gaba, gilashin baya ya zube a kaina kamar ƙanƙara. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Muka fito muka tsaya cikin rana muna kallon ƙofar baya ta lotse, fitila ta tarwatse. Na ce a nemo mai gyara a buga ta kafin gobe, ni zan biya. Ɗan garin namu ya girgiza kai, ya ce a ƙasar nan ba garejin da zai taɓa motar da ta yi karo sai da takardar 'yan sanda. Ya dubi jikana, ya ce in aka san shi ke tuƙi, takardar da yake nema ta yi nisa, wataƙila har abin ya taɓa zaman ubansa. Sai ya ce mu tafi, mu tari tasi a bakin titi, shi zai ce shi ne a kan sitiyari.

Nan ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Ban yi musu ba. Ban ce a'a ko sau ɗaya don kunya ba. Na ce Allah ya yi masa albarka, na damƙi hannun jikana, na ja shi muka bar wajen ina kakkaɓe gilashi daga mayafina. Da na waiwaya na hango shi tsaye shi kaɗai a gefen motar, ya ɗora waya a kunne.

Da 'yan sanda abin bai yi tsanani ba. Kamfanin ne. Ashe motar tana da wata na'ura da ke nuna duk inda ta je, suka duba suka ga Juma'a bayan Juma'a tana zagaye a fili ɗaya. Suka tambaye shi, ya ce shi ke zuwa don kansa. Bai ambaci kowa ba. Suka sallame shi. Sai a lokacin na buɗe baki na gaya wa ɗana. Tunda na haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, ya dai dube ni ya ce Inna me ya sa, ya ɗauki makulli ya fita. Ya je ya roƙi manajan kamfanin, ya ce zai biya gyara, aka ce masa khalas, an rufe maganar, in kuma aka tono ta ba wanda za ta yi wa daɗi. Ɗan garin namu ya yi ta yawon neman wani kafil, amma duk inda ya je sai an tambayi dalilin barinsa wancan. Wa'adin da aka ba shi na barin ƙasar ya cika.

Ya zo sallama da jaka ɗaya. Ya durƙusa a gabana kamar kullum, ya ce in yafe masa in ya taɓa saɓa mini, ya tambaya ko ina da saƙo gida. Shi ke neman gafarata. Na shiga ɗaki na haɗo dabino da turare da ɗan abin da ke hannuna na ce ya kai wa mahaifiyarsa. Bayan ya isa sai ga wayarta, tana ta godiya, wai ɗanta ya ce na riƙe shi kamar uwa a baƙuwar ƙasa, wai kwangilarsu ce ta ƙare. Na saurare ta tana sa mini albarka har na kasa, na ce ta tsaya, na faɗa mata gaskiya tun daga farko. Daga baya ta ce haka Allah ya tsara, ta ce a gaida yara. Ba ta sake kirana ba, ban kuma ga laifinta ba.

Yanzu ɗan nata yana jan keke mai ƙafa uku na wani, ginin nasa ya tsaya a inda ya tsaya. Ɗana yana aika masa abin da ya samu, yana kuma ta cigiyar wani aikin, har yau shiru. Jikana ya daɗe bai buɗe darasin nan ba. Da ya koma ya ci jarrabawar, aka ba shi takardar, ya fara fita da malamin makaranta. Shi ya gaya mini motar tasu birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗalibi ɗaya a ƙafar malami. Da na ji haka na daɗe zaune. Jiran da na kira ragwanci, ashe jiran wannan birkin ne.

Na gaji da juya abin nan a raina, shi ya sa na ce a rubuta. 'Yan'uwana tsofaffi da 'ya'ya ke ɗaukowa zuwa ƙasashen mutane, abin da muka sani gaskiya ne a inda muka san shi. Kowace ƙasa da yadda take buɗe ƙofarta, in ba ku gane ba ku tambaya, in yaro yana bin hanyar da aka shimfiɗa masa ku bar shi ko da kuna ganin ta yi tsawo. Sannan ku ji tsoron Allah game da yaran nan da ke zuwa gaishe mu. Sun bar mata da 'ya'ya sun zo neman abinci, zamansu a kan zare yake, kuma tarbiyyar da muka yi musu ba ta bar musu bakin ƙin maganarmu ba. Kada ku ɗauki alherin da aka yi wa iyayensu ku ɗora musu a wuya. In ƙaramin mutum ya sunkuyar da kai ya ce muku abu ba zai yiwu ba, iya ƙarfinsa ke nan, ba zai iya maimaitawa ba. Ɗan garin namu ya faɗa mini, kuma na ji shi sarai.