Alƙalin Ɗanwake

Unguwarmu tana bayan Kawo, tsakanin rafi da wani kwazazzabo da ruwan sama ya haƙa. Da rani yara da gudu suke tsallake su. Amma in damina ta nutsa, sai ruwa ya shanye gadar katakon da muke bi, 'yan acaɓa su tsaya daga ƙetare suna ɗaga mana hannu. Shi ya sa mutanen bakin titi suke ce mana 'yan Tsibiri. Da farko mun ji haushi, daga baya muka karɓe sunan.

Ni kwaɗo da sarƙa nake sayarwa kusa da tasha. Mutane suna cewa sana'ar ta dace da ni, don in na kulle shago sai na kai bakin titi in dawo in ja kwaɗon in ji ko ya kama. Alwala ma in na gama sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu, in sake. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. Na addini kuwa ɗan abin da nake tsinta ne a karatun masallaci, kuma tsintar nan ce ta ja mini.

Dogon hutun makaranta yana faɗowa daidai lokacin da ruwa ke tsare mu. Yara ba makaranta, ba gidan dangi, sai su cika gidaje da faɗa da ɓarna. Da iyaye mata suka gaji, mai unguwa ya tara mutane aka shirya wa yara abin yi a filin Islamiyya. Wani tela Bakatsine yana koya wa maza ɗinkin hula da sa maɓalli. Wani direba da ruwa ya hana shi fitar da mota yana koya musu dara da langa. Mata kuwa aka ba su wata tsohuwa Bakanuwa da ta shekara da shekaru tana sayar da abinci, kowa Hajiya yake ce mata, tana koya musu girki. Asabar ɗin ƙarshe kafin a koma makaranta kowane gida ya kawo tabarmarsa, a yi wasanni, a yi gasa, a ci a sha.

A shekarar da nake ba da labari, gasar 'yan mata ta ɗanwake ce. Mai unguwa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce an sa ni cikin alƙalai. Ya ce Kanawa ba su yarda da bakin Katsinawa ba, Katsinawa ba su yarda da na Zamfarawa ba, ni kuwa Bazazzagi ne, kuma kowa ya san ko allura na tsinta sai na yi cigiya. Alƙalan su ne Hajiya, da na'ibin limaminmu, da ni.

Na ce to, don ban iya cewa a'a ba. Ban kai gida ba abu biyu suka faɗo mini. Na farko, na taɓa ji a karatu cewa alƙalai uku ne, biyu wuta, ɗaya aljanna. Na ƙirga mu, mu uku ne cif. Na auna na'ibi, mutumin da goshinsa ya yi baƙi da sujada. Na auna Hajiya, ta je Makka, ta ciyar da marayu. Ko yaya aka raba, ban ga inda zan tsira ba. Na biyu, 'yata tana cikin masu gasar.

Ita ce babba a ɗakina, lokacin tana aji shida. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Yarinya ce marar yawan magana, amma in ta sa abu a gaba ba ta saki. Tun da aka fara koyon girkin take dawowa gida ta sake gwadawa, ta kwaɓa garin wake da na rogo da kuka, ta tace ruwan kanwa, ta tsaya a kan tukunya tana jefawa da 'yan yatsu tana jiran su taso.

Sai na yanke shawarar da a lokacin na ga babu mai hikimarta. Na ce ba zan ɗanɗana ɗanwakenta ba sai ranar gasa, don kada harshena ya san hannunta ya karkata.

Washegari ta kawo mini a kwanon da nake cin abinci, ta yanka albasa a kai, ta durƙusa ta ajiye.

"Baba, ga shi. Yau bai narke ba."

"Allah ya yi miki albarka, Uwata. Kai wa ƙannenki."

"Sun ci. Wannan naka ne."

"Ni alƙali ne yanzu. Ba ya halatta."

"Ko loma ɗaya?"

"Ko ƙamshinsa ma da zan iya da ban shaƙa ba."

Ta ɗauki kwanon ta fita. Maiɗakina tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, ɗanwake ne fa. Ba gado za ka raba ba."

Na ce mata zalunci ba shi da ƙarami. Ta ce haka ne, shi ya sa take ganin wani a gabanta.

Yarinyar ba ta daina ba. Kullum sai ta kawo, kullum sai na mayar. Wata rana ta ce ba sai na faɗi komai ba, in ci kawai in yi shiru. Na ce shirun ma ai hukunci ne.

Da abin ya dame ni na je wurin na'ibi, mutumin Zamfara ne, na faɗa masa lissafin da na yi na mu uku. Ya yi dariya har rawaninsa ya goce.

"Kai wanga bawan Allah, mi kaka hwaɗi haka? Ba a ce duk inda mutum uku sunka zauna bisa benci ba. Wanda ya san gaskiya ya take ta, da wanda ya yanke hukunci ba shi da sani, su aka nuhi."

Shi yana ganin ya kwantar mini da hankali. Ni kuwa kalma ɗaya na fito da ita, wato rashin sani. Me na sani game da ɗanwake ban da ci? Da me ake gane kanwa ta yi daidai? Laushi ake so ko danƙo? Ashe ta ƙofar jahilci zan shiga.

Don haka na shiga neman ilimi. Duk ranar da ruwa ya ɗan janye muka samu hanyar fita, sai in bi masu ɗanwaken tasha ɗaya bayan ɗaya. In ci na wannan da man gyaɗa, in ci na waccan da manja, ina tambayarsu sirrin abin. Wata ta ɗauka kishiyar sana'a matata za ta buɗe, ta kore ni. Wata ta ce in dai zan ci in ci, makarantar ba a nan take ba. Cikina ya yi ta ƙugi, ni kuwa ina jin na fara zama masani.

Ranar da asirina ya tonu, na dawo gida Uwata ta karɓi jakata kamar yadda ta saba. Sai ta tsaya tana kallon hannun rigata. Manja ne ya ɗiga, ga yaji ya manne a kai. Ta kai hanci ta shinshina.

"Baba, ɗanwake ka ci."

Na fara bayani a kan bambancin ci don sani da ci don sha'awa. Ba ta tsaya ji ba, ta rataye jakar ta shige ɗaki. Maiɗakina ta ce, "Na kasuwa halal, na 'yarka haram. Wannan mazhabar a ina ka karanto ta?"

Daga ranar ba ta sake kawo mini ba. In ta dafa sai ta zuba a kwanona, ta wuce ta gabana, ta kai wa maƙwabcinmu direba. Ina jin sa ta katanga yana cewa, "Kai, 'yar nan, hannunki da albarka!" Abin yana sukata, amma sai in ce wa kaina haka masu gaskiya suke shan wuya.

Ranar gasa gari ya yi luf, hadari yana yawo amma bai sauko ba. Tabarmi sun cika filin Islamiyya, tsofaffi a gindin mangwaro, mata a gefe da jarirai. Aka yi langa, ɗan tela ya kayar da kowa. Ƙananan 'yan mata suka yi gaɗa. Can bayan aji kuwa hayaƙin murhu yana tashi, masu gasa suna ta fama.

Ni na nace a zuba wa kowace a faranti iri ɗaya, kada a gane na wani gida. Aka jera su a kan tebur, muka zauna a benci. Hajiya tana matsa ɗaya da yatsa, ta jefa a baki, ta wuce gaba. Na'ibi yana bismilla a kowane faranti yana ci da gaske, kamar wanda bai karya ba. Ni kuwa na zo da butata. In ci loma, in kurkure baki, in jira, in ci ta gaba. Da na kai ƙarshe sai na ga ai na farkon ya same ni da yunwa, na ƙarshen ya same ni a ƙoshe, wannan ba adalci ba ne. Na sake farowa daga ƙarshe zuwa farko.

"Bazazzagi," in ji Hajiya, don Kanawa ba sa ganinmu su ƙyale, "shari'a aka kawo ka ko sahur? Ka bar wa yara abin da za su lasa."

Wani daga cikin taro ya ce, "A ƙara masa buta!" Aka yi dariya.

A zagaye na biyun ne na tsaya a kan wani faranti. Yajin da ke kai na gidana ne. Ba na shakka, don maiɗakina tana soya citta kafin ta daka, yadda mahaifiyata take yi. Ɗanwaken kuma ya fi duk sauran, ga laushi ga santsi. In na ce shi ne na ɗaya, na fifita jinina. In na danne shi, na take gaskiya ina sane. Duk ƙofofin da na'ibi ya lissafa suka buɗe a gabana lokaci ɗaya.

Sai na miƙe tsaye. Na ɗaga farantin sama na ce, "Jama'a, ku gafarce ni, na sauka daga alƙalanci. Wannan na 'yata ne, na gane shi. Shi ya fi, amma bai kamata a ji daga bakina ba."

Har na fara jin wani sanyi a raina, irin na wanda ya tsallake rijiya da baya. Sai na ji muryar Uwata daga inda 'yan gasa suke tsaye.

"Baba, ba nawa ba ne."

'Yar direba ce ta ɗaga hannu a hankali, ta ce nata ne. Yajinsu ne ya ƙare da safe, uwarta ta aika aka ɗebo a gidanmu.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Tsofaffin gindin mangwaro har da buga sanda a ƙasa. Hajiya ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Kai, Zage-zagi! An ba ku shari'a kun kasa, an ba ku 'ya kun kasa gane hannunta." Na'ibi yana son ya taimake ni, amma bakinsa cike yake.

Su biyun suka ƙarasa hukunci ba da ni ba. 'Yar direba ta zo ta ɗaya, aka ba ta sabuwar tukunya. Uwata ba ta cikin waɗanda aka kira. Da na waiga inda take, ba ta nan.

Na same ta a bayan aji, kusa da murhun da ya mutu, tana kankare tukunya da toka. Daga nan ana hango rafi ya cika ya yi ja, gadarmu ko alamarta babu. A gefenta akwai roba da sauran ɗanwake a cikin ruwan sanyi. Ba ta kuka, kuma da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Na tattara babbar rigata ta Juma'a na zauna a ƙasa.

"Uwata, wanne ne naki a cikin farantan?"

"Na biyu daga ƙarshe. Ka ci sau biyu, ka kurkure baki."

Na nuna robar na ce ta zuba mini.

"Ya huce. Mai ma ya ƙare."

"Zuba haka nan."

"Ba kai alƙali ba ne?"

"An sauke ni. Ni na sauke kaina ma, kowa ya shaida."

Ta ɗan harare ni, irin hararar mai sunanta. Sannan ta tsame shi da hannu ta zuba a murfin tukunya, ta barbaɗa ɗan yajin da ya rage a ƙullin leda. Na ci. Sanyi ƙalau, ba mai, ba albasa. Ta bar kankarar tukunyar tana kallon bakina.

"Yaya?"

Nan ma sai da halina ya motsa. In na ce babu kamarsa na yi ƙarya, in na faɗi gaskiya na ƙara mata ciwo. Na tauna, na haɗiye, na ce, "Kanwa ta ɗan yi yawa. Ƙaro mini."

"Na sani," in ji ta. "Da na hango ka da buta hannuna ya yi rawa, ta zube."

Ta juye mini sauran duka. Ina ci aka fara yayyafi, muna jin mutane suna naɗe tabarmi da gudu. Ta ce mu tashi rigata za ta jiƙe. Na ce sai na gama. Ta ɗauko tukunyar da ta wanke ta kifa mini a ka, ta tsuguna a gefena tana dariya ƙasa-ƙasa har na suɗe murfin.

Shekarar da ta biyo baya mai unguwa bai sake ba ni shari'a ba, gadin takalma aka ba ni. Ɗanwakenta kuwa, yau ko a cikin na unguwa duka aka sa shi zan gane. Har yanzu kanwarta takan ɗan yi yawa, kuma har yanzu ni ake fara zuba wa.