Ranar da Aka Kwance Kujerun Motar Yaya

Iyayena duka biyu kurame ne, kuma a duk Koki ban san gidan da ya kai namu surutu ba. Baba tela ne. Yana taka keke da ƙafa, hannu ɗaya a kan yadi, ɗayan yana tsokanar Inna. Ita kuma ko tuƙin tuwo take sai ta soke muciya a tukunya ta mayar masa da hannu biyu, don ba a gaya mata ta ƙyale. Ni da maganar hannu na fara kafin ta baki. Yayana bai samu wannan ba. Tun yana ƙarami kakanmu ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, wai kada yaro ya tashi bebe. Ya tashi da baki kam, amma hannunsa bai iya komai ba sai "zo" da "ci" da "na tafi".

Da Baba ya rasu, hannun Inna ya mutu. Haka nake faɗa, ko da likita zai ce lafiyarsa ƙalau. Yaya ya dawo gidan da iyalinsa don ya kula da ita, kuma ya kula, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba. Abokin hira ne babu. Ni ina aure a Ƙofar Na'isa, ina koyarwa a firamare, sai Juma'a nake samun zuwa. In na zazzage mata labaran gari kaf, sai ta gyaɗa kai kawai, hannuwanta a kwance kan cinya kamar wani ne ya ajiye mata su. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Sau da yawa sai na tsaya a soro na share ido kafin in fita.

Ba ita kaɗai ba ce. A shekarun soja, 'ya'yan kurame sun tsare iyayensu a gida saboda tsoro. Shinge ko'ina, kuma in aka daka wa mutum tsawa aka ce ya tsaya alhali ba ya ji, wa ya san abin da zai biyo baya? Tsoron na gaskiya ne, ban musa ba. Amma ta haka tsofaffin da suka saba haɗuwa kowace la'asar a ƙofar shagon Baba suka watse, kowa ya zauna cikin masu kunne yana kallon leɓɓansu suna motsi.

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, sai gari ya kamu da zazzaɓin taro. Kowa ya kafa ƙungiya, har masu sayar da rake na bakin makarantarmu sun yi shugaba da ma'aji. A lokacin ne wani tsohon makanike na Ƙofar Ruwa, kurma, aminin Baba, ya tare ni a hanya.

Ya ce da hannu, "Kowa ya fito, mu muna ɗaka? Ki gaya wa 'ya'yanmu za mu je ganin ruwa a Tiga."

Na ce, "Baba, ku je ku yi me?"

Ya ce, "Mu zauna mu yi gulmarku."

Nan take na tuna da hannun Inna, na ce na ɗauki aikin. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, inda lallashi ya ci na lallasa, inda bai ci ba na yi masifa, wadda dama ba aro nake yi ba. Gidanmu na bari ƙarshe, don na san nan ne dutsen.

Yaya ya ce, "Ke dai ba ki da aikin yi. Ki kwashi tsofaffin da ba sa ji ki kai su bakin ruwa? In wani ya zame fa?"

Na ce, "Ai ba ji za su je yi ba, Yaya, gani za su je yi. Kuma idon ɗayansu ya fi nawa da naka a haɗe."

"Inna ba inda za ta. Me ta rasa a gidan nan?"

Na ce, "Leƙa ka dubi hannunta. Yaushe rabon da ka ga ya ɗaga?"

Ya leƙa. Ya ga hannuwan a kwance kan cinyarta. Da ya juyo sai ya sha mur, ya ce to in dai tafiyar dole ce, ba direban da zai ɗauki uwarsa sai shi, kuma a motarsa. Lokacin ya sayi sabuwar bas da zai sa a hanyar Kaduna, ko ledar kujerun ba a cire ba. Kujeru ne masu laushi, masu dogon baya har sama da kai, ga labule mai kauri a kowace taga. Yana ji da motar nan kamar ɗan fari.

Ranar tafiya, ƙarshen damina ne, gari ya yi luf. Bas ta tsaya a bakin titi don lungunmu ba ya cin mota. Tsofaffi suka riƙa ɓullowa, wannan da kwanon dambu, wancan da ƙwaryar fura, wasu jikoki na riƙe da su. Cikinsu har da ƙawar Inna ta tun ƙuruciya, 'yar asalin Barno, wadda ƙamshin turaren wutarta ke riga ta isowa. Ta rungume Inna, ta ja da baya ta ce mata ta tsufa ta yi muni. Inna ta yi murmushi. Na ga yatsunta sun ɗan motsa.

Yaya da kansa ya riƙa kama hannun kowa yana zaunar da shi. Ya bi tagogi ya ja labule don kada rana ta dame su. Ni kaina ina gefe ina ta sa wa mota albarka, ban ga komai ba sai da na shiga na waiwaya.

Motar ta yi tsit. A kunnen Yaya ba abin da ya canza, amma ni na san shirun hannu in na gan shi. Kowane tsoho yana zaune a raminsa, ba abin da ke gabansa sai bayan kujera. Na kusa da kai ma sai ka murɗa wuya kafin ka gan shi, ga duhun labule. Ƙawar Inna ta yi ƙoƙarin juyawa, ƙugunta ya ƙi. Mutanen da suka yi shekaru suna jiran su ga juna, mun jera su kamar buhunan gero. Sai Inna ta miƙe, ta ɗauki kwanonta, ta sauka a hankali, ta nufi lungu ba tare da ta dubi kowa ba.

Tsohon makanike ya sauko ya taɓa kafaɗar Yaya, ya yi mini alama in fassara.

"Gaya masa mota ta yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma don masu kunne aka yi ta. Ku kuna hira da ƙeya, mu sai fuska da fuska." Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro sifana, wadda ko masallaci da ita yake zuwa. "A cire kujerun."

Yaya ya ce, "A cire me? Motar da ko fasinja ɗaya ba ta taɓa ɗauka ba? Ke, gaya masa ba zai yiwu ba!"

Na buɗe baki, kuma Allah ya sani na tanadi maganganu. Sai na rufe, na nuna masa lungu kawai. Inna ta kusa shan kwana, bayanta a duƙe, kwano a hannu. Yaya ya bi ta da kallo. Sannan ya fizge sifanar daga hannun tsohon.

Ya ce, "Gaya masa ya nuna mini. Ni zan kwance abata."

Ya tuɓe babbar riga ya durƙusa. Tsohon yana nuna noti da yatsa, Yaya yana murɗawa, gumi na zuba. Sauran mazan suka riƙa fitar da kujeru ana kai su soronmu, 'yan unguwa sun yi cirko-cirko suna kallon mai sabuwar mota yana fatattaka ta da hannunsa. Matar Yaya ta fito da tabarmi da darduma da matasan kai, har da katifar baƙi. Ni kuma na zare labulen nan kaf, sannan na ruga na tarar da Inna ta riga ta zauna a ɗakinta. Na ce ta zo ta gani kawai, in bai yi mata ba ta dawo.

Ta zo ta leƙa. Cikin motar ya koma kamar tsakar gida, haske ta ko'ina, mata a jingine ta wannan gefe, maza ta wancan, kowa na ganin kowa. Ƙawarta ta buga tabarma kusa da ita. Inna ta cire takalmi ta shiga.

Kafin mu fita ta Ƙofar Na'isa hannuwa sun tashi. Ana tambayar wa ya rasu, wa ya aurar da jika, wa ya zubar da haƙora. A hanya muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga tsofaffi a kan tabarma hannuwa na ta shawagi, ba wanda ya ko kula shi. Ya tambayi Yaya ina zuwa. Yaya ya ce, "Yawon buɗe ido, ranka ya daɗe." Ya yi dariya, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Inna dai har lokacin kallo take. Ƙawarta ta dube ta ta gefen ido, ta gyara zama, ta ɗaga hannu sama yadda kowa zai gani. Ta ce bari ta ba su labarin da ba su sani ba: ai marigayi tela ita ya fara so. Ita ya ɗinka wa rigar nan mai hannu ɗaya dogo ɗaya gajere, da ta ƙi shi ne ya kai wa wata.

Hannun Inna ya tashi kamar an tsikare ta. "Ƙarya kike!"

Ta miƙe zaune sosai, ta ture mayafi daga kafaɗa don kada ya tare ta. Ta ce rigar tata ce, ita ta kai yadin da kanta. Da gangan ya gajarta hannun don ta dawo gyara. Ta dawo, ya gyara wannan ya ɓata wancan. Haka ya yi ta yi har yadin ya kusa ƙarewa, sai ta ce masa in aurenta yake so ya je ya ga babanta, ya bar mata riga ta huta. Tana yi tana kwaikwayon yadda yake sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Motar ta kaure da dariya, irin dariyar kurame da ba ta san a rage murya ba. Ƙawarta tana share hawaye tana cewa to ai ga shi bebiya ta yi magana.

Ni kuka nake, ba na ɓoyewa. Ina zaune a bayan direba, sai na ga Yaya ya karkata madubi yana leƙe.

Ya ce, "Me take cewa? Ke, me take cewa?"

Na fassara masa. Bai taɓa jin labarin rigar ba. Ya yi dariya har motar ta ɗan yi gefe, na ce Malam ka dubi hanya, ba mu ga ruwan ba tukuna.

Mun ga ruwa kuwa, ya cika ya batse, iya ganinka. Tsohon makanike ya ɗaura farin ƙyalle a kan gora ya kafa, ya ce duk wanda ya ga an kaɗa shi ya dawo. Ba wanda ya zame, ba wanda ya ɓata. Maza suka hau kan duwatsu can nesa, mata suka baje a gindin bishiya, amma hira ba ta yanke ba, daga can ake jefo tsokana daga nan a mayar. Masunta suka bar taruna suna kallo. Inna ta tsoma ƙafa a ruwa, ta ce sanyinsa bai kai na randarta ba. Ta ci dambu, ta kushe gishirinsa. Ta ba da labari har fura ta tsinke a gabanta.

Da aka kaɗa ƙyalle bayan la'asar, muna haɗa kwanuka, sai Inna ta dubi Yaya yana kakkaɓe tabarma. Ta juya ga ƙawarta, ta nuna shi, ta kama fatar kunnenta ta ja sau biyu. Tsofaffin suka gyaɗa kai, da alama duk sun san abin.

Yaya ya ce, "Me kuma na yi?"

Na ce, "Sunanka ne."

Kurame ba sa kiran mutum da sunan yanka, alama suke ba shi. Inna ta sa na gaya masa asalin tasa. Yana jariri a bayanta, ya gane kuka ba ya kawo masa nono, sai ya koyi miƙa hannu ya ja mata kunne. Da wannan take kiransa har ranar da aka ɗauke shi. Ta ce ba ta daina ba, shi ne dai ba ya kallo.

Yaya ya saki tabarmar. Ƙaton mutum mai 'ya'ya ya tsaya kamar an dasa shi, idonsa ya yi ja. Sannan ya ɗaga hannu, ya kama kunnensa ya ja sau biyu, ya nuna ƙirjinsa. Inna ta ce ya yi daidai, amma hannunsa kamar na mai faskare, sai an sha aiki.

Daga wannan tafiya abin ya zauna. Kowane ƙarshen damina sai an fita, tun ana wuni har aka koma kwana, tun ana mota ɗaya har kuramen wasu unguwanni suka shigo da nasu motocin, su ma ba kujeru. Sifanar nan tsohon makanike ya bar wa Yaya ita, kuma ana gobe tafiya ba ya yarda yaran mota su taɓa noti ko ɗaya. Maganar hannu kuwa ya koya a gaban Inna, da gyara da dunguri. Har ta bar duniya ba ta sake yin shiru ba. Wani lokaci in ta tsare shi da labari, sai ya kama hannuwanta biyu ya riƙe, ya roƙe ta ta bari ya ci tuwonsa tun da zafi.