Injin da Jikata Ta Bari a Kunne

Shekarar da gwamnati ta ce dole kowane ɗan sakandare ya iya sarrafa inji, aka kawo injunan yankan katako cikin wasu manyan akwatuna makarantar jikata a Akurba. Makarantar ba lantarki. An kuma hana buɗe akwatunan sai injiniya ya zo daga Jos, bai zo ba. Amma darasi yana cikin tsarin karatu, sai an yi shi.

Malaminsu ya zana maɓalli da alli a jikin babban akwatin. Yaro ya naɗe hannun riga ya danna, sauran 'yan aji su yi ta "vuuu" da baki, shi kuma ya riƙa tura katako a iska.

Ranar Juma'a yarinyar ta dawo da kuka. Ta faɗi jarrabawar inji, za ta maimaita aji. Ni ban yi boko ba, amma na san kukan rainin wayo, wannan ba shi ba ne. Litinin na ja mayafi na tasa ta gaba sai makarantar.

Na ce, "Malam, me ta yi?"

Ya ce, "Mama, aikinta ya fi na maza kyau. Amma da aka kaɗa ƙararrawa ta fita ba ta kashe inji ba. Doka ta ce wannan faɗuwa ce."

"Wane injin? Wanda ke cikin akwati?"

"Shi fa. Da da wuta, Mama, ai da makarantar ta ƙone."

Na dube shi sosai, ba alamar wasa. Na ce, "To wa ya kashe bayanta?"

Ya fara gumi. Ashe ba wanda ya kashe. Tun Juma'a.

Da gudu muka tafi wurin akwatin, hedimasta na biye yana salati. Malam ya hana kowa matsawa. Na ce wa yarinya, "Ke kika kunna, je ki kashe." Ta tafi, ta danna maɓallin allin. Malam ya kara kunne a katako, ya daɗe, sannan ya ce injin ya tsaya.

Hedimasta ya ce yarinyar da ta tunkari inji mai zafi haka ba za ta maimaita aji ba. Aka ba ta maki.

A hanya ta soma murmushi. Na ce ta rufe min baki, sakarya, wata ɗaya ba za ta taɓa min risho ba.