Tsohuwar da ke cikin kunne

Bara jiri ya kayar da ni a tasha, 'ya'yana suka tasa ni gaba har Yamai. Aka tura ni cikin wata na'ura mai ƙarar tsiya, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Likitar ta nuna mini wasu siraran hanyoyi da suka taso daga can cikin kunne. Ta ce akwai ɗan ruwa a wurin, in ya karkata sai saƙo ya bi hanyoyin nan ya gaya wa jiki ya gyara tsayuwa. Na ce, "Ikon Allah!" Amma hankalina ya riga ya koma garinmu Matameye, wurin Kaka.

Ina yaro lokacin, shekarar fari ce, sojoji ke mulki, jar dawar taimako muke ci. Duk unguwa ana ta ɗaure kaya zuwa Kano, kusan mu kaɗai muka rage, saboda Kaka. Jiri ya kama ta, ko bakin zaure ba ta kaiwa sai ta dafa bango, balle ta yi tafiyar ƙasa. Baba ya ce ba inda za shi ya bar uwarsa, ga rumbu kuwa wayam.

Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi. Mu jikoki muke shan bakinta. Da an idar da magariba sai a hura karan gero, ta jingina da bango, ta ce mini, "Matso nan, angona, mijin da ko goro bai iya saye."

Ran nan Baba na gefe yana gyaran igiya, Kaka ta fara tatsuniya, ta ɗaga murya fiye da kullum. "Ga ta nan, ga ta nanku, ku buɗe kunne."

Wai a cikin kunnen kowane mutum akwai wata tsohuwa zaune da ƙwaryar ruwa a cinya. Ba ta noma, ba ta daka. In mutum ya karkata sai ta dubi ruwan, ta aika wa kai cewa a miƙe. Wata rana ƙafafu suka ji tausayinta, suka ce, "Haba Iya, kullum ke kaɗai a duhu? Fito mu tafi tare." Suka matsa mata har ta tashi. Ruwa ya kife, mutum ya faɗi tim, ba shi ba tafiya, ga 'ya'yansa na kukan yunwa.

"Sai aka yi yaya, Kaka?"

"Sai ta koma ta zauna mana! Ta ce ku je, zamana a nan shi ne tafiyarku."

Muka yi ta dariya muna tura yatsa a kunne. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye igiyar ya fita waje.

Cikin makon nan muka kama hanya. Aka bar Kaka hannun wata maƙwabciya, da ragowar dawar duka. Da za mu fita ta riƙe hannuna gam, har farcenta ya shige ni, bakinta kuma na cewa, "Tafi can, rago, na sake ka."

Na daɗe ina ɗauka Kaka ba ta jin tsoro. Sai da na kwanta a na'urar nan, duniya na juya mini, ina neman hannun da zan riƙe, na gane irin tsoron da ta haɗiye. Wallahi ba ta so zama ba. Hanya kawai ta nema wa ɗanta ya tafi da mu ba tare da ya ji ya yar da ita ba.

Da ruwa ya sauka muka dawo. Baba ya riga mu shiga gida da gudu, yana kiran "Inna! Inna!" Maƙwabciyar ce ta fito ta amsa masa da ta'aziyya.