Zouéra Mai Hana Ruwa

Kafin ƙarfe shida na safe Inna Zouéra ta bar gidanta a unguwar Ganou, riƙe da 'yar kula. A cikin kular akwai ƙanƙara da ta farfasa ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, da lemun tsami biyu ko uku. Idan ta isa ɗakin wankin ƙoda na asibitin da take aiki a Parakou, takan fara buɗe tagogi, ta goge ƙasa da wuri don warin maganin shara ya fita kafin marasa lafiya su shigo. Sannan ta jera robobi, ɗaya a ƙarƙashin kowane gado, kowace da tsumma mai tsabta a bakinta. Robobin amai ne. Ita ke riƙewa, ita ke zubarwa, ita ke wankewa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan aiki, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin ba da wuya ya gane. Idan ƙoda ta daina aiki, dattin da ya kamata ya fita da fitsari a jini yake zama. Mutum ya wayi gari bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe, zuciyarsa na tashi tun bai ga abinci ba. Sai a ɗora shi kan inji awa huɗu, a tace jinin, a zuƙe ruwan da ya taru a jiki. In ya sha ruwa da yawa a gida, injin ya ja da yawa, tansiyo, wato awon jini, ta faɗi, ido ya yi duhu, amai ya taso. Ka ƙi zuwa, amai. Ka zo, amai. A tsakanin biyun mutane da dama suka gaji, suka koma ƙauye, ba a sake jin labarinsu ba sai na rasuwa.

Zouéra ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa ba kowa magani ba. In amai ya yi yawa cewa take, "Gaya wa dokta yau, kada ka ɓoye, akwai abin da zai rubuta." Nata aikin shi ne ta hango mutum ya fara haɗiyar yawu, ta riga shi isa da roba. Takan tsaya ta kare shi da jikinta don kada na gefe su gani. Kuma ba ta cewa sannu a lokacin. Ta ce mai amai ba shi da bakin amsa gaisuwa, kowace sannu tuna masa take ana kallonsa. Sai ya gama ta rufe robar, ta ba shi ruwa kaɗan. "Kurkure ka tofar, kamar mai azumi. Kada ka haɗiye."

Wannan "kada ka haɗiye" ita ta jawo mata suna. Likita kan ƙayyade wa kowa ruwan da zai sha a yini, wani bai wuce 'yar kwalba ɗaya ba. Mai jinya ya ji tausayi ya ɓoyo leda biyu na ruwan sanyi a cikin zane, Zouéra ta karɓe, ta ba mara lafiya ƙanƙara ɗaya ya tsotsa, ko yankin lemu ya lasa. Sai aka fara kiranta Mai Hana Ruwa, ba da yabo ba.

Akwai wani tsohon malamin allo daga Kolokondé da ya roƙe ta ruwa wata rana, ya haɗa ta da Allah. Ƙafafunsa a kumbure, numfashinsa da ƙyar. Ta ba shi ƙanƙara. Kwana biyu bayan haka ya rasu. Iyalansa suka tafi suna cewa ya bar duniya da ƙishi a hannun mace marar imani. Har yau in an ambaci malamin takan ce, "Da na san kwana biyu suka rage masa, da na cika masa buta." Na daɗe ina juya wannan magana. An koya mana tun muna yara cewa ko maƙiyi ba a hana shi ruwa. To, yaya hukuncin wanda ya hana don ya tsawaita rai, ran kuma bai tsawaita ba? Ban sami amsa ba. Ita ma ba ta samu ba. Washegarin rasuwarsa dai ta zo aiki da kularta.

Sai ga Badamasi, mahauci daga Djougou, wanda yake zuwa Litinin da Alhamis. Shekara ashirin yana fawa, ciwon ya sa ƙamshin nama ya zame masa abin gudu. Kowane zuwa sikeli ya nuna ya ƙaru da kilo huɗu ko biyar na ruwa, kowane hawa inji ya yi amai har ya galabaita, a motar komawa ma ya yi, fasinjoji suna toshe hanci. Wata Alhamis gadonsa ya wuni babu kowa. Aka kira waya, matarsa Mariatou ta ce ya rantse ya gama.

Ranar Lahadi, ranar hutunta, Zouéra ta hau mota. Bazara ce, ta sauka Djougou da hantsi, jiki sharkaf da gumi. Ta tarar da shi a jingine a rumfa, fuska ta kumbura, roba a gefensa. A gefe guda kuma kwanoni: romon da abokan sana'a ke aikowa kullum, kunun kanwa daga ƙanwar uwarsa, fura daga maƙwabta. Kowa ya zo dubiya sai ya tsaya a kansa yana "daure ka sha, ka yi ƙarfi." Badamasi ba ya iya mayar da hannun kowa. Ya sha, su fita, ya amayar. Ranar tafiya Parakou kuwa Mariatou kan cika masa ciki da asuba, don ba a barin matafiyi ya fita da yunwa.

Mariatou ta durƙusa ta miƙa wa baƙuwa ruwan randa a kofin silba. Zouéra ta karɓa, ta ajiye a ƙasa.

"Inna, ki sha mana. Kin sha hanya."

"Na gode, 'yata. Ba zan sha ruwan gidan nan ba sai maigidan ya ce zai bi ni."

Badamasi ya buɗe ido. "Inna, kin gama hana mutanen Parakou, yanzu kanki ya rage?"

"Kai ka sani, mahauci. Sa nawa ka kayar, roba ta kayar da kai?"

"Ba robar ba ce. Na gaji. Kowace tafiya kamar ana feɗe ni da rai. In dai amai zan yi can, in yi nan, gara in yi a gidana."

"Na nan ba ya tsayawa, ka sani. Na can muna iya rage shi. Ba na ce zai tafi duka ba."

Ya mayar da ido ya rufe. Ta juya wajen Mariatou, ta nemi kwalba ta nuna mata iyakar abin da likita ya yarje masa a yini, har da kunu da miya a ciki. Ta ce abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida, a bari ya huce don ƙamshi ya ragu, kanwa a daina, in ya ci kada ya kwanta nan take. Masu kawo kwano kuwa a karɓa a ƙofa a yi godiya, a ce yana barci.

Azahar ta yi, Zouéra ta yi alwala, ta kurkure baki ta tofar. Kofin na nan, ƙudaje sun kewaye shi. Maƙwabta suka fara leƙe, labari ya zaga cewa baƙuwa ta ƙi ruwa a gidan Badamasi. Leɓɓanta suka bushe, muryarta ta dushe. Wajen la'asar Badamasi ya dube ta, mace mai shekara sittin, ya ce wa matarsa, "Ɗauko mini riga. Ki zubar da wancan, ki kawo mata mai sanyi. Ba za a ce tsohuwa ta suma a ƙofata ba."

Shekara uku ke nan. Bai warke ba, wannan ciwo ba ya warkewa da inji. Ya rame, ya bar wa ƙaninsa teburin nama, wasu ranakun har yanzu amai yake. Amma bai sake tsallake rana ba.

Inna Zouéra, ke ce kika riƙe abin da 'ya'yan mutum ke kawar da kai daga gare shi. Ke ce kika yarda a zage ki da rashin imani, kina kuma ɗauke da malamin Kolokondé a zuci, ba ki taɓa neman wani ya wanke ki ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar hutawa, ya shayar da ke a ranar da kowa zai ji ƙishi.

Mu kuwa masu zuwa dubiya, mu koya. Mu tambayi abin da likita ya yarda kafin mu ɗauko kwano. In mara lafiya ya ce ya ƙoshi, mu yarda. In amai ya taso, wani a cikinmu ya matsa kusa maimakon ya fita waje.

Badamasi ya ba ni saƙo, Inna. Ya ce Litinin ɗin farko bayan tafiyarki yana kan inji ƙarfe bakwai, ki zauna gida, kada ki sake hawa mota saboda shi.