Mai Jego a Bakin Ƙofa

Shekarar da na gama sakandare ban samu gurbi a makarantar koyon jinya ba. Ina zaune a gida Bebeji ina taya Inna suyar ƙosai, sai aka yi sanarwa a sakatariyar ƙaramar hukuma cewa ana neman 'yan mata masu takardar sakandare. Wata ƙungiya ce ta ƙasar waje ta ba da kuɗin tallafi a horar da waɗanda za su riƙa shiga ƙauyuka suna duba masu taɓin hankali, tun da likitan ƙwaƙwalwa sai Kano. Mata suke so musamman, domin ma'aikaci namiji iyakarsa zaure. Baba ya ce ba dai 'yarsa ba. Kawuna ne ya lallashe shi, ya ce aikin lada ne.

An kai mu Kano muka yi 'yan watanni a aji. An koya mana yadda ake gane ciwo, da yadda ake tambaya ba tare da an firgita mutum ba, da yin shiru a bar shi ya faɗi abin da ke ransa. An hana mu cewa "mahaukaci". Akwai doka guda da malaminmu yake maimaitawa har muna kwaikwayonsa a ɗakin kwana: in ka shiga wurin mara lafiya, zauna kusa da ƙofa, kada ka bari ya shiga tsakaninka da hanyar fita. A aji abin da sauƙi, kujeru ne, kowa ya ja tasa inda ya ga dama.

Da aka gama aji sai aka raba mu ƙauyuka mu koyi aikin a hannu. Ni aka haɗa ni da wata sista 'yar Tudun Wada, babbar mace mai raha, wadda take ce min "ƙanwata" in na yi daidai, "'yar boko" in na yi shirme.

Cikin damina aka aiko mana daga wani ƙauye bayan Dangora. Mai jego ce, haihuwar fari, ta zo wanka gidan iyayenta. Bayan suna ta daina barci, tana surutai ita kaɗai, tana cewa za a sace mata jariri. Wata rana aka tsinto ta a bakin rafi da shi a hannu, ita ma ba ta san abin da ya kai ta ba. Sai aka karɓe yaron aka kai shi maƙwabta ana ba shi madarar shanu, ita kuma aka ɗaure ƙafarta da igiya a jikin turke cikin ɗaki.

Muna isa Sista ta tsaya a zaure wurin maigidan. Ta ce da ni, "Ƙanwata, shiga ki gaisa, ki duba min ita da ido kawai. Ga ni nan tafe."

Gwaggon mai jegon, wadda take mata wanka, ita ta tare ni. Ashe tun da aka ce 'yan asibiti za su zo ta shimfiɗa sabuwar tabarma can ƙuryar ɗaki, ta ajiye kwanon fura a kai. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta.

"Wuce ciki, 'yar nan."

"Gwaggo, nan ma ya isa."

"Wurin takalma? Ke baƙuwa ce ko kaza? So kike a ce gidanmu ba mu san baƙo ba?"

Ta kama hannuna. A gidanmu yarinya ba ta jayayya da tsohuwa kan wurin zama. Na wuce ƙurya na zauna. Gwaggo ta ce bari ta duba ruwan wanka a kan wuta, ta fita.

Mai jegon tana kwance a gefe, ta ba ni baya. Ba za ta girme ni ba. Na ce mata sannu. Can sai aka jiyo kukan jariri ta bayan katanga. Ta tashi zaune. Rufin ɗakin yana yoyo daidai wurin turken, ƙasar ta yi laushi. Ta riƙe shi hannu bibbiyu ta jijjiga, sai ga shi ya fito, itace ne mai kauri, tsininsa duk laka. Ba ta yi waje ba. Ta je ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora turken a cinya tana fuskantata. Ɗakin ya yi duhu. Taga babu, sai wata 'yar kafa da ko kai ba zai shiga ba.

"Ke ce likitar?"

"A'a, ɗaliba ce."

"To ɗaliba, sha furarki. Ba inda za ki sai an kawo min yarona."

A hankali ta faɗa, kamar mai cewa an kusa sauke tuwo. Gaban rigarta sharkaf yake da nono.

Gwaggo ta dawo ta saka salati. Nan da nan tsakar gida ta cika. Ina jin maigidan yana cewa a kira samari su kama ta ta baya, ita ma tana ji, na ga ta gyara riƙon turken. Sai muryar Sista: "Malam, don Allah kada wanda ya taɓa ta. Wanda ya matso, yarinyata zai ja wa."

Ta leƙo ta saman kan mai jegon. "Ƙanwata, lafiya kike?"

Na ce lafiya lau.

"To yi hira da ita mana, 'yar boko. Aikinki ke nan."

Duk tambayoyin da na haddace sun gudu. Abin da idona ya gani shi na tambaya. Na ce, "Nonon yana miki ciwo?"

Ta dubi rigarta. "Kamar an zuba garwashi. Yaron yana kuka, nonon yana zuba. Sun ce zan sa masa ciwona. Ke da kika yi karatu, haka ne?"

Na ce ba haka ba ne, wannan ciwon ba ya bin nono. Wannan kam an koya mana.

Gwaggo daga waje ta ce, "Ba nonon kaɗai ba ne, likita. In ta jefar da shi fa? Ku tafiya za ku yi, mu za a bari da gawa."

Ba wanda ya ce ƙarya ta yi. Sista ta daɗe tana magana da su ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe aka yarda a kawo yaron, amma ba a hannun uwar za a sa shi ba, ni zan riƙe shi ta shayar. Sista ta ce ta fara miƙo turken. Mai jego ta ce, "Ku fara kawo shi. Na san halinku."

Aka kawo shi cikin zani. Sista ba ta da hanyar shigowa, sai dai ta miƙo shi ta saman kafaɗar uwar, ni kuma dole in zo in karɓa. Da gwiwa na taho. Tsinin turken yana daidai cikina lokacin da na ɗaga hannuwa. Yaron ba nauyi, kamar ƙunshin auduga, bakinsa yana ta lalube. Na sauke shi a ƙirjinta, hannuna ɗaya a ƙeyarsa, ɗaya a ƙugunsa. Tana son ɗaga riga, tana son tallabe shi, hannu biyu ba su isa ba. Ta saki turken. Sista ta sa ƙafa ta janye shi waje.

Ya kama. Na ji jikinta ya saki. Haka muka zauna, gwiwata a jikin gwiwarta, ban cire hannuna ba har ya ƙoshi ya yi barci, ita ma ta jingina da bango tana gyangyaɗi.

Kafin mu tafi Sista ta ba da magani, ta yi sharaɗi da maigidan: ba ɗauri, yaro ya kwana wurin Gwaggo, amma duk sanda ya nemi nono a kawo shi, wata babba ta zauna kusa. A hanya na sa direba ya tsaya na yi amai a gefen wata gonar dawa. Sista ta zuba min ruwa, ta ce, "Ni na tura ki ke kaɗai, ki yafe min." A gida ban faɗa wa kowa ba, don Baba in ya ji, aikin ya ƙare.

Har yau da nake wannan rubutu ban iya shiga ɗakin mara lafiya ni kaɗai ba. In mutum ya tsaya a ƙofa yana min magana, ko Inna ce, sai na ji numfashina yana sarƙewa. Sista ta ce zai wuce. Ban sani ba.

Mun ci gaba da zuwa ƙauyen duk mako. Barci ya dawo wa mai jegon, surutan suka ragu. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar ba, ni ma ban tayar ba. Zuwanmu na ƙarshe kafin ta koma ɗakinta, mun same ta a tsakar gida tana shanya, yaron a bayanta, ita ta goya shi da kanta. Gwaggo tana biye da ita duk inda ta juya, wai tana taya ta miƙa tsumma.